Na tura ƙasar gona lab a ƙirga min bakteriyar da ke kwashe taki: ga yadda na ga aikinsu

Toh jama'a, yau kusan wata huɗu kenan da karɓar sakamakon gwajin nan, da gangan na ƙi cewa komai sai da na zauna na fahimci takardar ciki da bai, don kada in yabi mutane a banza ko kuma in zalunce su. Wani lab ne mai zaman kansa da ke karɓar ƙasar gona, su ciro DNA daga cikinta, su ƙirga maka yawan bakteriyar da ke juya naitiret, wato nau'in naitirojin da shuka ke sha a ƙasa, ya koma iska. Tun daga farko in faɗa muku matsayata: sun iya ƙirga, hannunsu yana da tsabta, amma akwai abu biyu da suka yi min da har yanzu suna ci min rai, kuma duk wanda zai kai musu aiki ko ya kai wa wani irinsu gara ya san su tun kafin ya haƙa rami ɗaya.

Abin da ya kai ni gare su shine wata gonar gwaji da nake kula da ita, masara ce, gefe ɗaya tudu gefe ɗaya kwari, in an yi ruwa mai ƙarfi sai ya kwanta a kwarin kwana biyu ko uku kafin ya tsotse. Yuriya iri ɗaya muka zuba, ma'auni ɗaya, rana ɗaya, amma bayan sati uku ka shiga kwarin ka ga ganyen ƙasa-ƙasa ya fara rawaya daga tsini yana bin jijiyar tsakiya yana shiga ciki kamar harafin V, gefen ganyen kuma da sauran kore. Duk wanda ya daɗe da masara ya san wannan alamar, yunwar naitirojin ce. To ina takin ya tafi? Yuriya fa kashi 46 cikin ɗari nata naitirojin ne, ba ƙaramin abu muka zuba ba. A cikin ƙasa yuriya takan rikiɗe ta koma amoniya sannan naitiret, kuma hanyoyin ɓacewar naitirojin ɗin uku ne manya, ko ruwa ya wanke naitiret ya yi ƙasa da shi inda saiwa ba ta kaiwa, ko ya tashi sama a matsayin amoniya tun yana kan ƙasa ba a rufe shi ba, ko kuma bakteriya su shaƙe shi. Ni zargina ya fi karkata ga na ukun saboda kwanciyar ruwan nan.

Ga wanda bai saba da zancen ba bari in ɗan warware, don in ba a gane wannan ba takardar lab ɗin ba za ta yi ma'ana ba sam. Ƙasa tana da 'yan ƙofofi tsakanin ƙwayoyinta, iska ke zama a ciki. In ruwa ya cike su, oksijin ya ƙare, akwai bakteriyar da ba sa mutuwa kuma ba sa zaman jira, sai kawai su koma numfashi da naitiret a maimakon oksijin. Ba a tashi ɗaya suke yi ba, hawa-hawa ne: naitiret ya koma naitirait, naitirait ya koma iskar NO, ita kuma ta koma N2O, a ƙarshe N2O ta koma N2, wato iskar nan da ita ce kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa, ba ta cutar da kowa. Galibi abin yana kankama ne in ruwa ya cike sama da kashi 60 cikin ɗari na ƙofofin ƙasar. Ga manomi ko a wane hawa aka tsaya asara ce, taki dai ya tafi. Amma ga duniya akwai bambanci babba, domin in aka tsaya a N2O, iska ce da rahoton IPCC, wato kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, na 2021 ya ce ƙarfinta na ɗumama yanayi ya ninka na CO2 sau 273 a tsawon shekara ɗari, tana daɗewa a sama fiye da shekara ɗari, ga ta kuma tana cin lemar ozon.

Kowane hawa yana da inzayim ɗinsa, wato sinadarin da bakteriya ke ƙerawa ya yi mata aikin juyin, kowane inzayim kuma da ƙwayar gadon da ke ɗauke da tsarin ƙera shi. Na farko narG da napA, na biyu nirK ko nirS, na uku norB, na ƙarshe nosZ. Su nir ɗin nan biyu aiki ɗaya suke yi amma ƙirarsu daban, na nirK da tagulla yake aiki, na nirS da ƙarfe, kuma galibi bakteriya ɗaya tana da ɗaya ne ba duka biyun ba. Pseudomonas stutzeri da Paracoccus denitrificans masu nirS ne, Bradyrhizobium ɗin nan da ke zama a saiwar waken soya kuma nirK gare shi. An fi ƙirga nir saboda a nan ne naitirojin ke fara zama iska, nan ce ƙofar fita. Sai nosZ, wanda shi kaɗai aka sani yana iya karya N2O.

Me ya sa ba za a shuka su a faranti a ƙirga ba kamar yadda ake yi a da? An yi hakan shekaru da yawa, tun 1886 da Gayon da Dupetit suka fara ware irin waɗannan bakteriya a Faransa, daga baya aka koma tsarin jera kwalabe ana tsarma ƙasa da ruwa kashi-kashi a jira sati biyu a ga wace kwalba ce naitiret ya ɓace. Matsalar ita ce mafi yawan bakteriyar ƙasa ba sa yarda su tsiro a faranti, abin da ke tsirowa sau da yawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Kuma ba za ka gane su da dangi ba, don wannan sana'ar ta warwatsu a zuriya daban-daban, 'yan gida ɗaya ma wani yana yi wani ba ya yi. Shi ya sa aka koma neman ƙwayar gadon aikin kai tsaye da na'urar qPCR. Wannan shine abin da lab ɗin ke sayarwa.

Yanzu ga aikin nasu. Abu na farko da ya burge ni, kafin ma su karɓi komai sai da wata ma'aikaciyarsu ta kira ni ta ce, malam, mene ne ainihin tambayar da kake son amsawa? Na yi mata bayanin tudu da kwari. Ta ce to kada in kawo samfur ɗaya daga kowane gefe, in raba kowane gefe gida huɗu, a kowane gida in haƙa wuri biyar zuwa goma in haɗe su wuri ɗaya. Suka turo min takarda shafi biyu, zurfin da zan ɗiba, yadda zan goge bututun haƙa da barasar goge kaya tsakanin wuri da wuri, in sa safar hannu, in sa ƙasar a leda mai zif in rubuta lamba da alƙalamin da ba ya gogewa, in jefa cikin kula mai ƙanƙara nan take, in ta kai gida ta shiga firiza a ma'aunin 20 ƙasa da sifiri. Suka ja kunnena sosai a kan kada in shanya ƙasar a rana kamar yadda ake yi wa gwajin sinadarai, kuma kada ta narke ta sake daskarewa.

Wallahi ranar ɗibar nan na gane dalilin nacinsu. Na zaro bututun daga kwari, ƙasar ta fito kamar sanda, sama-sama ja-ja ce, amma kamar tsawon yatsa ƙasa sai ta koma toka-toka da ɗigo-ɗigon tsatsa, na karya ta da hannu sai ga wani ɗan guntun karan masarar bara a tsakiya ya yi baƙi ya yi laushi, kewayensa ƙasar ta yi shuɗi-shuɗi tana wani ɗan wari na ruɓa. Taku biyu daga nan na sake haƙawa, babu komai irin wannan. Irin wannan guntun shine kasuwarsu, ga abinci ga rashin iska. Akwai wani bincike sananne na Parkin a 1987 a Amurka, inda ya tarar da ɗan guntun ganye da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin samfurin ba, amma shi ke da kashi 85 cikin ɗari na duk aikin da ake yi a cikin samfurin. Toh ka ga kuwa, lab ɗin kwata na giram ɗaya kacal za su ɗiba daga ledarka, ɗan abin da bai cika bakin ƙaramin cokali ba, shi zai wakilci fili guda. In ba ka haɗa wurare da yawa ka cakuɗa da kyau ba, sa'a kawai ka auna.

Na aika samfur 24, gefe biyu, gida huɗu-huɗu, lokaci uku: kafin taki, kwana biyu bayan ruwa mai ƙarfi, da kuma bayan ƙasa ta tsane. Da kayan suka isa sun turo saƙo a ranar, har da hoton kular a buɗe da ƙanƙarar ba ta gama narkewa ba, suka ce leda ɗaya lambarta ta ɗan shafe shin 14 ce ko 19. Wannan ƙaramin abu ne amma ya kwantar min da hankali, don wani wurin zato kawai za su yi su wuce.

Sun ba ni dama na leƙa ranar da suke cire DNA, kuma na ji daɗin hakan ƙwarai. Ana zuba 'yar ƙasar a ƙaramin bututu mai ɗauke da 'yan duwatsu ƙanana kamar tsakuwa da wani ruwan sabulu na musamman, a ɗaure a na'ura ta girgiza shi da ƙarfin tsiya har bangon bakteriyar ya farfashe, sai a juya a na'urar wulwulawa, a bi da shi ta matattara kala-kala ana wankewa, a ƙarshe a samu ɗigon ruwa kaɗan a gindin bututu. Na tudu sun fito garau kamar ruwan sha. Na kwari kuwa guda biyar sun fito da ɗan launin ƙasa-ƙasa, in ka ɗaga su a hasken taga za ka gani. Matashin da ke aikin ya ce min, yallaɓai, wannan launin shine abokin gabarmu. Ruɓaɓɓen ganye da ciyawa da suka daɗe a ƙasa suna barin wani sinadari da ake kira humik, yana biyo DNA ya fito tare da shi, kuma yana shaƙe inzayim ɗin da ke kwafar DNA a na'ura, sai na'ura ta nuna maka bakteriya kaɗan ne alhali suna nan jingim. Ya nuna min ma'aunin tsabta, na 260 bisa 280 ana so ya kusa 1.8, na 260 bisa 230 ana so ya kusa 2, waɗannan biyar ɗin na biyun ya faɗi ƙasa sosai.

A nan ne suka ci babban maki a wurina. Ba su rufe ido sun zuba a na'ura haka nan ba. Sun ɗauki wani DNA da suka san adadinsa suka ɗiga a cikin kowane samfur, suka ɗiga irinsa a ruwa zalla, suka kwatanta, inda aka ga ya makara wajen fitowa an san akwai abin da ke danne shi. Sai suka tsarma samfuran kashi ɗaya cikin goma suka ƙara BSA, wani furotin da ke rage dannewar, suka sake, biyu daga ciki ma sai da aka sake cire DNA ɗin daga farko, kuma ba su caje ni ƙari a kan wannan ba. Ka duba haɗarin da ke nan: ƙasar kwari ita ta fi humik, da ba su yi wannan gwajin ba da takarda ta fito tana cewa kwari ya fi tudu ƙarancin bakteriya, ni kuma in ɗauka in yi ta yawo da ƙarya ban sani ba.

Ita na'urar qPCR yadda take ƙirga abin sha'awa ne. Tushenta PCR ce, hanyar kwafar DNA da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983 har ya samu kyautar Nobel a 1993. Ana sa wasu gajerun guntayen DNA guda biyu da ake kira firaima, an ƙera su su manne a kan ƙwayar gadon da kake nema kaɗai, na'ura ta yi ta zafi da sanyi, kowane zagaye abin da aka kama ya ninka biyu, har zagaye 40. Akwai rini mai suna SYBR Green da ke haske in ya shiga DNA, na'ura tana kallon hasken. Samfurin da ke da abin da yawa tun farko haskensa zai fito da wuri, mai kaɗan ya makara. Sai a kwatanta da jerin ma'auni da aka san adadinsu, kowane ɗaya ya ninka na bayansa sau goma. In komai ya tafi daidai, tsakanin kowane biyu zagaye 3.32 ne. Abin lura a nan, kuskuren zagaye ɗaya tak yana nufin lambarka ta ninka biyu ko ta rabu biyu, don haka in ka ga bambancin kashi 20 ko 30 cikin ɗari tsakanin fili biyu kada ka yi saurin kafa hujja da shi.

Toh yanzu ga inda muka saɓa.

Sun ce sati uku, sai da aka yi bakwai. Wannan ban riƙe shi da zafi ba tunda na ga dalilin wani ɓangare da idona, amma sati biyun ƙarshe shiru ne kawai, sai na kira sau uku kafin a ce min wai firaima ɗaya ta ƙare suna jiran a kawo. Da sun faɗa tun farko da ban damu ba.

Abu na farko da ya ci min rai shine rahoton. Shafi uku ne masu kyan gani, zane kala-kala, nirK da nirS da nosZ da 16S wanda ake ƙirga jimillar bakteriya duka da shi, kowanne da lambarsa, miliyoyi a kowane giram, 16S kuma ya haura biliyan, duk a inda ake sa ran ganin ƙasar noma. Amma babu sunan firaima ko ɗaya, babu jerin ma'aunin, babu ingancin kwafi wanda ake so ya faɗa tsakanin kashi 90 zuwa 110, babu sakamakon bututun da aka sa ruwa zalla don a ga ko wani abu ya gurɓata, babu zanen narkewa da ke nuna cewa abu ɗaya aka kwafa ba tarkace ba. Tun 2009 akwai ƙa'idojin MIQE da suka jera abin da ya kamata duk mai ba da sakamakon qPCR ya bayyana, ba sabon abu nake nema ba. Da na tambaya sun turo duka cikin kwana biyu, kuma gaskiya komai lafiya lau, kenan suna da shi, me ya sa sai an roƙa? Kuma a cikin fayil ɗin ne na gano cewa lambobin a kan giram na ɗanyar ƙasa suka lissafa su ba busasshiya ba. Haba jama'a. Ni da nake kwatanta ƙasa jiƙaƙƙiya da ta tudu, wani kaso mai yawa na nauyin ta kwari ai ruwa ne, dole lambarta ta sauka ba gaira ba dalili. Allah ya sa na auna laimar kowane samfur da kaina a oben a ma'aunin 105 kafin in aika, da shi na gyara lissafin. Wanda bai yi haka ba fa?

Na biyu kuma shi ya fi girma. A takardar an rubuta nosZ kawai, shikenan. Da sunan firaimar ya zo sai na ga nosZ2F da nosZ2R ne, waɗanda Henry da abokan aikinta suka fitar a 2006, firaima masu kyau da aka yi ta amfani da su, amma reshe ɗaya suke kamawa. A 2012 da 2013 aka bayyana cewa nosZ reshe biyu ne, akwai na biyu da tsofaffin firaima ba sa gani ko kaɗan, irin wanda ke cikin Anaeromyxobacter da Dechloromonas, kuma a ƙasashen gona da yawa da aka auna reshe na biyun ya kai na farko yawa ko ma ya fi shi. Wani abin da ya ƙara masa muhimmanci, da yawa daga masu reshe na biyun ba su da nir kwata-kwata, ma'ana ba sa haifar da N2O ta wannan hanyar, sai dai su cinye wadda wasu suka saki. A ɗaya gefen kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na bakteriyar da aka karanta DNA ɗinsu masu nir ba su da nosZ, irin su Agrobacterium tumefaciens, su a N2O suke tsayawa. To shi rahoton ya ɗauki nosZ ya raba da jimillar nirK da nirS, ya ga lambar ta yi ƙasa, ya rubuta min da jan rubutu cewa gonar tana da haɗarin fitar da N2O mai yawa. Da rabin ƙidaya aka yanke wannan hukuncin. Na rubuta musu, shugabar sashen ta kira ni da kanta, ta ce Dakta, maganarka gaskiya ce, reshe na biyu yana da wahalar kwafa, guntun ya fi tsawo kuma ingancin yakan sauka, shi ya sa ba ya cikin kunshin da suke bayarwa sai an nema. Na ce mata ranki ya daɗe ban ƙi ba, amma ku rubuta a takarda cewa reshe na ɗaya ne kawai, kuma ku cire jan rubutun nan. Ta amince, suka yi min na biyun da ragowar DNA ɗin da ke firizarsu, ya fito da yawa, jan rubutun ya tashi.

To me na samu bayan duk gyare-gyaren? Kwari ya fi tudu yawan nirS, nirK kuwa kusan kunnen doki, wanda ya dace da abin da aka saba gani cewa masu nirS sun fi son wurin da ke daɗewa a jiƙe. Amma abin da ya buɗe min ido shine lokuta ukun. Kafin taki, bayan ruwa, bayan tsanewa, lambobin kusan ba su motsa ba. Alhali a kwanakin nan na kifa 'yan akwatunan tara iska a fili ina zuƙa da sirinji, kuma N2O ta yi tsalle sosai kwana biyu bayan ruwan sannan ta sauka. Kenan yawansu bai canza ba, aikinsu ne ya canza. Suna nan dama can, a tudu ma suna nan da miliyoyinsu suna numfashi da oksijin kamar kowa, ranar da iska ta ƙare su kunna ɗaya injin, cikin awowi. DNA yana gaya maka masu iya aikin nawa ne, ba ya gaya maka nawa ne ke bakin aiki yau. Har ma da matattu yake haɗawa, don wani bincike na 2016 ya nuna cewa a matsakaici kusan kashi 40 cikin ɗari na DNA ɗin da ake cirowa daga ƙasa ba na ƙwayoyi masu rai ba ne, saura ne da ya manne a jikin yumɓu. Ga kuma fungai, wato dangin fumfuna, irin su Fusarium oxysporum da ke fitar da N2O su ma, ba su da nosZ, kuma firaimar bakteriya ba don su aka ƙera ta ba. Ga masu juya amoniya zuwa naitirait, su ma suna sakin N2O ta tasu hanyar.

Wannan ba laifin lab ba ne, iyakar hanyar kenan, amma tallarsu ta ce gwajin zai nuna maka yawan takin da kake asara, kuma wannan ba haka ba ne. Babu yadda za a yi ka ɗauki kwafi miliyan kaza a giram ka mayar da shi kilo kaza na naitirojin a hekta. Mai son wannan amsar sai ya auna iskar kanta, ko ya yi gwajin asitilin da aka sani tun 1976, inda iskar asitilin ke toshe inzayim ɗin nosZ sai komai ya taru a N2O a auna, ko ya yi amfani da taki mai alamar 15N, wato wani nau'in naitirojin mai ɗan nauyi da ake iya ganewa, ya bi sawunsa. Mai son sanin su wa ke aiki a yanzu kuma RNA zai nema, wato saƙon da ƙwayar gado ke fitarwa lokacin da take bakin aiki, shi kuwa sai an daskarar da ƙasar a fili nan take da ruwan naitirojin don cikin mintuna yake lalacewa, kuma wannan lab ɗin ba sa yi.

Wani abu da na so a ce sun haɗa da shi shine pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, don ƙasa mai tsami tana hana inzayim ɗin nosZ haɗuwa daidai ko da ƙwayar gadon tana nan, masu bincike a Nowe sun nuna wannan tun wajen 2010, sai ka ga nosZ da yawa a takarda amma N2O na fita. Ni na auna nawa daban.

Wa zan ce ya je? Ɗalibin da ke digiri na biyu ko na uku, ko mai gwajin da ya daɗe yana kwatanta abubuwa kamar noma da huɗa da noma ba huɗa, ko takin gargajiya da na zamani, ko zuba farar ƙasa shekara da shekaru, irin canjin da ke ɗaukar lokaci har ya sauya yawan al'ummar, wannan gwajin zai yi masa amfani sosai kuma waɗannan mutanen za su yi masa aiki mai tsabta. Manomin da ke son sanin ko ya ƙara buhu ko ya rage, kada ya kai kuɗinsa nan, gwajin naitiret da pH da kallon inda ruwa ke kwanciya sun fi gaya masa abin yi, ya raba takin kashi biyu ko uku, kada ya zuba ana gab da ruwa mai ƙarfi, ya fitar wa kwarin hanyar ruwa. In kuma za ka je, tun a waya ka tambaye su sunan firaimar kowace ƙwayar gado, ka ce kana son nosZ reshe biyun, ka ce a kan busasshiyar ƙasa za a lissafa, a yi gwajin dannewar humik a kowane samfur ba a zaɓi kaɗan ba, kowane samfur a maimaita shi aƙalla sau biyu a na'ura, kuma ɗanyen fayil ɗin ya zo tare da rahoto. Ka sa su rubuta maka a imel.

Ni dai zan koma musu damina mai zuwa, mun riga mun yi magana da shugabar sashen. Mun haƙa magudana a rabin kwarin mun bar rabi yadda yake, zan ɗibi samfur daga duka biyun sau ɗaya a farkon damina sau ɗaya a ƙarshe, tunda na ga ɗiba uku a wata ɗaya bai ƙara min komai ba, sauran ƙarfin in zuba shi a akwatunan iska. Ragowar DNA na bana yana firizarsu a ma'aunin 80 ƙasa da sifiri, na roƙi su ajiye min shi don a sa na bana da na baɗi a faranti ɗaya da jerin ma'auni ɗaya, sun ce za su riƙe shi wata 18.